MALAM MUHAMMADU AL-KASHNAWI: BAKATSINEN DA YA BI TA BORNO, YA KOYAR A MISIRA

A wannan fitowa filinmu na tarihin mazan jiya zai kawo muku labarin wani malami da ya rasu tun shekarar 1741, wato shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sunansa Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani, Bakatsine, wanda Larabawa suka sani da Al-Kashnawi. Mun zaɓo shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, mutum ne da ya yi zaman baƙunci kamar yadda mu mazauna Dala muke yi, kuma ƙasar Borno na cikin wuraren da ya sauke kayansa ya yi karatu. Na biyu, fannin da ya yi suna a kansa, wato hisabi da ilimin taurari, fanni ne da yawancinmu muke ɗauka ko dai na Turawa ne ko kuwa na bokaye, alhali kuwa kakanninmu sun yi gumi a kansa.

ASALINSA DA KARATUNSA

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne daga littafin tarihin Misira mai suna Aja'ibul Asar, na Abdurrahman Al-Jabarti. A can aka jingina shi ga Katsina, aka kuma jingina shi ga Ɗanranko, wani tsohon gari na fatake da malamai a kudancin ƙasar Katsina. A wancan zamani Katsina na hannun sarakunan Haɓe, kasuwarta na ci, ayarin Arewa na sauka a cikinta da gishiri da takarda da littattafai.

Malamai huɗu aka lissafa masa a ƙasarsu. Akwai Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, wanda ake jinginawa ga Borno da Bagarmi, mai littafin tauhidin nan Manhajul Farid da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Akwai Malam Hashimu. Akwai Malam Muhammadu Fudu, wanda ma'anar laƙabinsa babba. Sai kuma Malam Muhammadu Bindu.

A hannun Malam Fudu ne kansa ya buɗe. Ya lazimce shi kimanin shekara 4, a gida da kan hanya, yana ɗaukar nahawu da sarfu da lugga. Tun da fari malamin nasa kan kira shi mai Muƙama, domin ya haddace littafin har ta kai idan aka ambaci kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo wadda ta gabace ta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da wannan littafi ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da ya ƙware a nahawu kuma, sai malamin ya sauya masa suna zuwa Sibawaihi, wato sunan limamin malaman nahawu.

A wajen Malam Bindu ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi, ya saurari Buhari, ya karanci kashi uku cikin huɗu na Muhtasar, da littattafan aƙida guda 6 na Shehu Sanusi. A nan ne kuma ya ɗauki hisabi, da ilimin sanin lokuta bisa tafarkin malaman Magrib, da ilimin haruffa da na hatimi. To, a lura da wannan jeri da kyau. Malamin da ya ba shi Buhari da Muhtasar shi ne ya ba shi lissafi da sanin tafiyar rana da wata. A zauren wancan zamani duk a buzu ɗaya ake karanta su.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta kamata ɗalibanmu su ji. Bai taɓa yin karatu da littafin aro ba. Idan zai fara littafin da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, yana barin fili mai yalwa tsakanin layuka, domin ya riƙa cusa bayanin malam da abin da ya tsinta a sharhi. Idan hali ya yi ma har sharhin da hashiyar yakan kwafe. Ga tsadar takarda a lokacin, wadda sai an ɗauko ta a bayan raƙumi ta hamada.

WATA BIYAR A KAGA

Da ya ga ya sami abin da zai samu a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar gabas da niyyar hajji da ƙarin ilimi. Ba talauci ko husuma suka fitar da shi ba, domin shi da kansa ya bayyana cewa yana zaune lafiya cikin iyalinsa da wadata, kwaɗayin ilimi kawai ya sa ya zaɓi kaɗaici da wahalar hanya. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu, har ya rubuta littafin labarin tafiyar tasa.

Zangon da ya fi shafarmu shi ne wanda ya yi a Kaga ta ƙasar Borno. A lokacin babu Maiduguri, don ita sai a 1907 aka kafa ta, fadar Mai kuwa tana Birnin Gazargamu. Amma sunan Kaga na nan har yau, shi ne sunan ƙaramar hukumar da hedkwatarta ke Benisheik, a kan hanyar Damaturu, hanyar da muke bi kullum idan za mu gida ganin dangi. A Kaga ya zauna wata 5 wajen Malam Muhammadu Kar'ak, ya karanci wasu littattafan hisabi, ya kuma karanci ilimin ramli, wanda mu muke kira bugun ƙasa. Za mu dawo kan wannan batu a gaba, don ba za mu ɓoye shi ba.

Abin lura a nan shi ne, ɗan Katsina bai ga ƙasƙanci ba wajen durƙusawa gaban malaman Borno da na Bagarmi. Haka dama abin yake tun fil'azal. Almajiranmu na zuwa gabas neman tilawa da kyan rubutu, 'yan Borno na zuwa Kano da Katsina da Zazzau neman littafi da kasuwa. Zamanmu a Dala ci gaban wannan tsohuwar hulɗa ne.

MAKKA DA ALƘAHIRA

Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta hijira, daidai da 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, Addurrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina shi bisa wani tsohon littafi da ake dangantawa ga Imam Fahruddin Arrazi, wanda ya rasu a 1210. Ya tsara shi da gabatarwa, da manyan sassa 5, da rufewa. Bai gama gyara shi ba sai da ya koma Misira, a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. A tsakanin nan kuma ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimi. Yana da waƙen manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus tare da sharhinsa, da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

A Alƙahira ya fara zama a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a wannan birni, domin a Azhar akwai masaukin ɗalibai na musamman da ake kira da sunan Barnawa. A nan ya haɗu da Shehu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya, wanda kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Misira a zamaninsa, gwanin kayan auna rana da zana agogon inuwa a kan dutse. Shi ma jikan baƙi ne, kakanninsa daga yankin Zaila a gabashin Afirka suka zo. Wannan babban malami ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki ilimin hatimi da lissafin da ke tare da shi.

MENE NE WANNAN ILIMI?

Domin mu gane aikinsa, sai mun san yadda malaman lokacin suke kallon sama. A wajensu ƙasa ce a tsakiya, falakai 7 na kewaye da ita kamar ɓawon albasa, kowane da tauraronsa mai tafiya: Wata, Uɗarid, Zahra, Rana, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Bayansu sai falakin taurari tabbatattu, inda buruji 12 suke. Wannan tsari ya samo asali daga Baɗalamusa na Iskandariyya, malaman Musulmi kuma suka yi ta gyara lissafinsa ƙarni bayan ƙarni.

Sannan akwai manzilolin wata guda 28, waɗanda Alƙur'ani ya yi nuni da su a Suratu Yunus a matsayin hanyar sanin ƙidayar shekaru da lissafi. Waɗannan dai ba baƙi ba ne gare mu. Su ne taurarin da tsofaffinmu ke ƙirga damina da su, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Kowane yana ɗaukar kwana 13, ban da Jabha mai 14. In ka buga 27 sau 13 ka ƙara 14, za ka sami 365 cif, kwanakin shekarar rana ke nan. Shekarar wata kuwa kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani da hunturu cikin kimanin shekara 33. Manomi ba zai iya shuka da watan Rajab ko Sha'aban ba, dole ya koma ga tauraro. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, ɗaya ce daga cikin manzilolin nan. Gamzaki na asuba da Zara ta magariba kuwa abu guda ne, wato Zahra, wani lokaci ta riga rana fitowa, wani lokaci ta biyo bayanta.

Shi kuwa hatimi, a asalinsa wasan lissafi ne mai zurfi. Ɗauki gida 9, uku a tsaye uku a kwance. Layin sama ka sa 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369. Tambayar ita ce, yaya za ka cika gida 81 da lambobi daga 1 zuwa 81 ba tare da laluben makaho ba? Nan gwanintar Malam Al-Kashnawi take. Ya shimfiɗa ƙa'idoji na cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, wato 3, 5, 7 da sauransu. A cikinsu akwai wadda lambobi ke tsalle irin na doki a wasan shaɗaranji, idan lamba ta faɗa waje ta wannan gefe sai ta shigo ta wancan. Wanda ya riƙe ƙa'idar zai cika kowane irin girma ba tare da kuskure ba.

Alaƙar wannan da sama ita ce, mutanen da sun raba wa kowane tauraro hatiminsa: mai uku na Zuhal, mai huɗu na Mushtari, haka har zuwa mai tara na Wata. Suna ganin duniya gini ce da aka ɗora bisa adadi, don haka wanda ya san sirrin adadi ya leƙa sirrin halitta.

Har tauhidin da ya karanta ma bai rabu da wannan tunani ba. Hujjar da Sanusi ya kafa a kan samuwar Ubangiji ita ce duniya fararriya ce, tana da mafari, kuma duk fararre yana bukatar mai farar da shi. Wannan amsa ce ga masana falsafa da suka ce duniya daɗaɗɗiya ce ba ta da farko, gardamar da Imam Gazali ya shiga da ƙarfinsa. Abin sha'awa, wannan tambaya ta sake tasowa a zamanin madubin hangen nesa. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya nuna cewa tarin taurari na nesa suna ta ƙara nisa da juna, a 1965 kuma aka gano ragowar zafin farkon halitta yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama. Masana yanzu suna ƙiyasta shekarun sararin samaniya da kimanin biliyan 13.8. Hanyar bincikensu daban ce da ta malaman tauhidi, amma tambayar da almajirin Malam Bindu ya yi ta juyawa a zaure ita ce dai suke bi.

TSABA DA ƘAIƘAYI

Ba za mu yi wa masu karatu rufa-rufa ba. Littattafan Malam Al-Kashnawi sun haɗa abu biyu. Akwai lissafi tsantsa da sanin lokuta, akwai kuma ɗalasimai da neman tasirin taurari a kan al'amuran mutane. Haka ilimin yake a cakuɗe a zamaninsa, daga Fas har Indiya, kai har a Turai an daɗe ana haɗa su. Malamai kuwa tun da can sun rarrabe tsakanin sanin tafiyar taurari, wanda ake bukata don salla da azumi da alƙibla da tafiya, da kuma da'awar sanin gaibu ta hanyarsu. Shehu Usmanu a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko ta halin taurari. Mu ma a kan wannan muke.

Sai dai abin baƙin ciki, da aka tashi sheƙe ƙaiƙayin, tsabar ce ta zube. Yau hatimi na nan a laya da allon sha, amma da wuya ka sami mai rubuta shi da zai iya gaya maka dalilin da ya sa jimlar ta zama 15. Masu duba ba su ragu ba, masu iya fitar da zawali da inuwar sanda su ne suka yi ƙaranci.

A daidai zamanin da yake rubutu, a wasu wurare lissafin ne aka riƙe aka bunƙasa. A Indiya Sarki Jai Singh yana gina manyan wuraren auna taurari a Delhi da Jaipur. A Ingila Isaac Newton ya riga ya fitar da littafinsa a 1687, inda ya nuna ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. Abokinsa Edmond Halley, wanda suka bar duniya cikin shekarar hijira guda da malaminmu, ya lissafa cewa wani tauraro mai wutsiya zai dawo wajen 1758, kuma ya dawo. Shi ne ya sake zagayowa a 1986, ana kuma jiransa a 2061. A 1781 aka hango Yuranus, a 1846 aka gano Naftun bayan an riga an nuna wurinsa da alƙalami. Da haka tsarin falakai bakwai ya rushe. Ƙa'idojin hatimi kuwa ba su rushe ba, don lissafi ba ya tsufa.

RASUWARSA

Ajali ya riske shi a shekarar 1154 ta hijira, wato 1741, a gidan ɗalibinsa kuma amininsa Shehu Hasan Al-Jabarti. Kafin ya cika ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira da ake kira Bustanul Ulama, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bai sake ganin Katsina ba.

Ɗan mai gidan, Abdurrahman, sai bayan fiye da shekara 10 aka haife shi, bai taɓa ganin baƙon mahaifinsa ba. Amma ya tashi a gidan da aka adana takardun, ya sami sunayen malamansa da labarin tafiyarsa, ya sa su a littafinsa, wanda aka buga a Bulaƙ wajen 1880. Da mai masauki ya yi wasa da amana, da yau ko sunan Malam Bindu ba mu sani ba. An buga Addurrul Manzum a Alƙahira a 1961. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan lissafinsa a wata mujallar Jami'ar Ibadan, a 1973 kuma wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ba shi wuri a littafinta kan tarihin lissafi a Afirka, ta yi amfani da kwafin Bahjatul Afaƙ da ke ajiye a Landan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, unguwarmu kullum faɗaɗa take yi, kuma kusan kowane layi da masallacinsa. Da yawa ana kafa harsashi ne da cewa gabas ita ce inda rana ke fitowa. Alhali mafitar rana na sauyawa tsakanin rani da damina, alƙiblar Maiduguri kuwa ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da kimanin digiri 24. Akwai hanya mai sauƙi da masana lokuta suka bari. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda a miƙe, a ja layi bisa inuwarta, shi ke nan. Muna roƙon limamanmu da kwamitocin masallatai su jarraba.

Haka batun ganin wata. Daga haihuwar wata zuwa ta gaba, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Sanar da tsayuwar wata aikin shugabanni ne, amma al'ummar da ke da masu wannan lissafi ba za ta riƙa tayar da jijiyar wuya a kan abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Sai kuma littattafai. Gidaje da yawa a cikinmu akwai gafakar kaka ko adakar takardu da aka taho da ita daga gida, ba mai buɗewa sai gara. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna mana yadda dare ɗaya ke cinye abin da aka tara shekara da shekaru. A fito da su, a nuna wa masana, a ɗauki hotonsu. Wataƙila a cikinsu akwai jadawalin taurari da wani kakanmu ya kwafa da hannunsa.

Daga ƙarshe, iyaye, idan yaro ko yarinya suka nuna son lissafi da kimiyya, kada a ce musu wannan ba namu ba ne. Jami'ar Maiduguri na nan kusa da mu tun 1975. A tura su, a kuma haɗa musu da karatun addini, kamar yadda Malam Bindu ya haɗa wa ɗalibinsa. Wanda ya kwafe littafi da hannu ya taka daga Katsina zuwa Makka bai bar mana uzuri ba.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Al-Kashnawi da malamansa na Hausa da na Borno, ya gafarta musu kurakuransu, ya saka wa mai masaukinsa da alheri. Mu kuma Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa 'ya'yanmu su fi mu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.